Tsayin fikof a jitar lantarki: yaya ake saita shi?

Tambayar ta zo ne daga wani matashi da ke kaɗa jita tare da abokansa a Samaru. Ya sayi jitar lantarki ta hannu, mai siffar Stratocaster da fikof uku, wato na'urorin maganaɗisu da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi suna ɗaukar sautinsu, ya ga muryarta ba ta kai ta sauran kayan kiɗan ba, sai ya ɗaga dukkan fikof ɗin har suka kusa taɓa tsirkiya. Murya ta ƙaru kamar yadda ya so, amma tun daga ranar tsirkiya mai kauri take karkarwa idan ya danna ta daga firet na 12 zuwa sama (firet su ne layukan ƙarfen da ke gicciye a wuyan jita), amon ba ya daɗewa, kuma allurar manhajar saita sauti da ke wayarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Yana so ya san ko jitar ce ta lalace, da kuma tsayin da ya kamata ya bar fikof ɗin.

Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka, domin alamomin da ka lissafa ba na lalacewa ba ne. Alamomi ne na maganaɗisun da ya matsa wa tsirkiya lamba, kuma gyaransa ba ya buƙatar komai sai sukudireba, da abin awo, da kunnen da aka ba lokaci. Sai dai ina so ka fahimci dalilin kafin ka taɓa sukuru ko ɗaya, saboda wanda ya haddace lambobi kawai zai sake komawa gidan jiya da zarar ya riƙe wata jitar dabam.

Fikof maganaɗisu ne da aka naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe, wadda kaurinta ya yi kusa da na gashin kai, naɗi dubbai. A fikof mai koyil ɗaya, wato dunƙulen naɗin waya guda, irin na kamfanin Fender, naɗin kan kai wajen 8,000. Maganaɗisun yana mayar da ɓangaren tsirkiyar da ke samansa ɗan ƙaramin maganaɗisu, to idan tsirkiyar ta yi rawa sai ƙarfin da ke ratsa koyil ya riƙa canzawa, canjin nan kuwa shi ke haifar da 'yar wutar da amfilifaya ke ƙarawa har ta zama sauti. Wannan ita ce ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831, kuma ita ce dalilin da ya sa fikof irin wannan ba ya jin tsirkiyar roba, sai ta ƙarfe. Abu biyu ke biyo bayan wannan bayani. Na farko, ƙarfin maganaɗisu yana raguwa da sauri ƙwarai idan aka yi nesa da shi, saboda haka rabin milimita a kusa da tsirkiya yana canza sauti fiye da milimita guda a can ƙasa. Na biyu, wanda mutane suka fi mantawa da shi, maganaɗisun ba sauraron tsirkiya kaɗai yake yi ba, yana kuma jan ta zuwa gare shi.

A nan matsalarka take. Tsirkiyar da aka kaɗa tana so ta yi rawa a sake, sama da ƙasa, hagu da dama, da gudu iri ɗaya. Idan maganaɗisu ya yi kusa sosai, yana jan ta ta fuska ɗaya kawai, sai gudun rawarta ta sama da ƙasa ya ɗan bambanta da na hagu da dama, kunne ya ji kamar murya biyu ne ke rige-rige a tsirkiya ɗaya, suna haɗuwa suna rabuwa. Wannan ita ce karkarwar da kake ji, kuma ita ce ta hana allurar manhajarka tsayawa, domin manhajar ba ta san wace murya za ta bi ba. Wanda ya taɓa ɗora yatsa a hankali kan tsirkiyar gurmi tana cikin amo ya san yadda amon ke shaƙewa ya mutu da wuri. Kusan abin da maganaɗisun ke yi wa jitarka ke nan, sai dai shi ba a ganin yatsansa. Abin ya fi muni a tsirkiya ta shida da ta biyar saboda sun fi yawan ƙarfe, ya kuma fi muni a firet na sama saboda danna tsirkiya a can yana sauko da ita dab da fikof, ga shi ɓangaren da ke rawa ya gajarta, fikof na wuya, wato wanda ya fi kusa da wuyan jita, ya koma kusan tsakiyarsa, inda ja kaɗan ke yin tasiri mai yawa. Jita mai siffar Stratocaster, wadda Fender ya fito da ita a 1954, ta yi suna da wannan lalura, domin maganaɗisu goma sha takwas ne a jere ƙarƙashin tsirkiyoyinta, shida a kowane fikof, kowanne yana fuskantar tsirkiyarsa kai tsaye.

Ka lura da wani abu da kyau: makunnin da kake zaɓen fikof da shi wuta kawai yake yankewa, ba ya kashe maganaɗisu. Ko da fikof na jaki, wato na kusa da ƙarfen da tsirkiyoyi ke zaune a kai a jikin jita, shi kaɗai kake amfani da shi, na wuya da na tsakiya suna nan suna jan tsirkiya. Saboda haka ba za ka ce tunda ba ka kaɗa da na wuya, ba ruwanka da tsayinsa ba.

Kafin awo, ka tabbatar da cutar. Ka saukar da fikof ukun sosai, har su kusa daidaita da farantin robar da ke riƙe da su, sa'an nan ka kaɗa tsirkiya ta shida a firet na 12, da na 15, da na 17. Idan karkarwar ta tafi, maganaɗisu ne. Idan tana nan, to ka duba tsirkiyoyin kansu, domin tsohuwar tsirkiyar da ta yi tsatsa ko ta lotsa a wuraren da take gogar firet ita ma tana yin murya biyu, kuma jitar hannu takan iso da tsirkiyoyin da ba wanda ya san shekarunsu. Ina ba ka shawara ka canza su tun kafin ka fara aikin, ka ja su su zauna, domin saitin da aka yi a kan matattun tsirkiyoyi saitin banza ne.

Akwai kuma tsari na abin da ke gaba da abin da ke baya. Tsayin fikof ana auna shi ne daga tsirkiya, saboda haka duk abin da zai motsa tsirkiya dole a gama shi tukuna: a fara da lanƙwasar wuya ta hanyar sandar ƙarfen da ke cikinsa, a bi da tsayin tsirkiya a kan jaki, a daidaita tsawon kowace tsirkiya yadda muryar firet na 12 za ta dace, sa'an nan a zo kan fikof. Daidaita tsawon tsirkiya kuwa a yi shi bayan an saukar da fikof ɗin ƙasa, domin maganaɗisun da ya yi kusa yana yi wa na'urar awon sauti ƙarya, mutum ya yi ta tura jaki gaba da baya ba tare da ya sami daidai ba. Na sha karɓar jitar da aka ja jakin tsirkiyarta ta shida har ƙarshen sukuru, mai ita yana cewa wuyan ne ya karkace, alhali fikof na wuya ne kawai ya yi sama.

Ga yadda ake awon. Ka saita jitar yadda kake kaɗa ta, ka riƙe ta a yanayin kiɗa, ba a kwance ba. Ka danna tsirkiya ta shida a firet na ƙarshe, na 21 ko na 22 gwargwadon jitarka, ka auna ratar da ke tsakanin saman maganaɗisu da ƙasan tsirkiyar. Ka maimaita da tsirkiya ta farko. Danna firet na ƙarshen nan wajibi ne, domin a nan ne tsirkiya ta fi kusantar fikof, kuma yawancin lambobin da kamfanoni ke bayarwa a kan wannan sharaɗi suke. Wanda ya auna tsirkiya a sake zai ɗauka akwai rata isasshiya, sai ya hau sama da kiɗa ya ji tsirkiya na bugun fikof.

Idan kana da rular ƙarfe mai layin rabin milimita, wadda awonta ya fara daga bakinta, ta wadatar. Idan babu, alanki ya fi rula sauƙin aiki: ka sami na milimita 1.5, da 2, da 2.5, da 3, ka zura shi a kwance tsakanin maganaɗisu da tsirkiya, wanda ya shige yana ɗan shafar tsirkiyar ba tare da ya ɗaga ta ba shi ne awonka. Tsohon katin ATM ma yana yi, domin kaurinsa milimita 0.76 ne, wato biyu a haɗe sun kai kusan 1.5, uku kusan 2.3, huɗu kusan 3. Ka yi amfani da gefen da ba shi da lambobi masu tudu, kuma ka tabbata katin da ya daina aiki ne, saboda maganaɗisu na iya ɓata baƙin layin da ke bayansa.

Lambobin farawa su ne waɗannan. Ga fikof mai koyil ɗaya irin na da, Fender yana ba da milimita 2.4 a ɓangaren tsirkiya mai kauri da milimita 2 a ɓangaren siririya. Ga masu maganaɗisu mai ƙarfi, irin su Texas Special, ratar takan haura milimita 3 a ɓangaren kauri, ta tsaya 2.4 a ɗaya ɓangaren. Hambaka kuwa, wato fikof mai koyil biyu da Seth Lover ya ƙera wa Gibson, wanda ya hau jitar Les Paul a 1957, yana jure kusanci, domin maganaɗisunsa guda ne a kwance a ƙasa, ƙarfinsa ya rabu tsakanin layi biyu na ƙarafa. Ana fara shi daga milimita 1.6 zuwa 2.4. Fikof masu batir, irin na EMG, maganaɗisunsu ba shi da ja sosai, saboda haka ana matso da su kusa matuƙar tsirkiya ba za ta taɓa su ba. Tunda taka ta hannu ce, kuma ba lallai ne abin da aka rubuta a kanta ya zama shi ne a cikinta ba, ni zan fara da rata mai ɗan yawa: na wuya milimita 3 a ɓangaren kauri da 2.5 a ɓangaren siriri, na tsakiya kusan haka, na jaki 2.5 da 2. Daga ƙasa ake hawa, domin kunne ya fi saurin gane lokacin da sauti ya fara ɓaci fiye da lokacin da ya fara gyaruwa.

Dalilin karkatar da fikof, ɓangaren kauri ya fi ƙasa, shi ne tsirkiya mai kauri ta fi ƙarfe, ta fi faɗin rawa, saboda haka ta fi murya. Dalilin saukar da na wuya fiye da na jaki shi ne tsirkiya kusa da jaki motsinta kaɗan ne, kusa da wuya kuwa tana lilo sosai. In ka jera su a tsayi ɗaya, na wuya zai danne na jaki, ka juya makunni a tsakiyar kiɗa murya ta faɗi.

A jita irin taka, inda fikof ke rataye a jikin farantin roba, juya sukuru ta hannun dama yana ɗaga fikof, ta hagu yana saukar da shi. Haka yake a hambaka mai zobe. Amma inda aka ɗaure fikof kai tsaye a jikin katako, kamar P-90 mai siffar sabulu ko fikof na wuya a tsofaffin Telecaster, abin a juye yake: ɗaurewa na saukarwa, kwancewa na barin soso ko sifirin da ke ƙasa ya turo shi sama. Zagaye guda na sukuru yana motsa fikof tsakanin rabin milimita da milimita 0.8, gwargwadon zarensa, saboda haka rabin zagaye ya isa mataki ɗaya. Ka riƙa ƙirga zagayen da ka yi a kowane gefe, ka rubuta a takarda, domin ka iya komawa inda ka baro. Kada ka saukar har sukuru ya fice daga fikof, in ba haka ba sifirin zai faɗa cikin ramin, sai ka sassauta tsirkiyoyi ka cire farantin gaba ɗaya. Ka zaɓi sukudireba da ta cika kan sukurun daidai, ka kuma tare ta da yatsun ɗaya hannun, saboda maganaɗisu kan fizge bakinta ya karce fenti.

Yanzu sai aikin kunne, kuma shi ne ainihin aikin. Ka saita amfilifaya a kan sauti tsantsa, ba distoshan (sautin da ake gurɓatawa da gangan), ba eko, domin waɗannan suna rufe aibi. Ka buɗe maɓallan murya da na zaƙin sauti na jikin jitar har ƙarshe. Ka fara da fikof na jaki, ka ɗaga shi rabin zagaye a kowane gefe, ka kaɗa abu guda da ka saba da shi, da ƙarfin hannun da kake kaɗawa a gaban jama'a. A nan akwai tarkon da ya kama ka tun farko: kunnen ɗan'adam yana ɗaukar abin da ya fi ƙara a matsayin abin da ya fi daɗi. Duk lokacin da ka ɗaga fikof murya za ta ƙaru, zuciyarka ta ce an samu ci gaba. Maganinsa shi ne duk sa'ad da ka ɗaga, ka rage muryar amfilifaya har ƙarar ta koma daidai da ta baya, sa'an nan ka yi hukunci. Idan ka yi haka za ka ji gaskiyar bambancin: fikof na kusa yana ba da bugu mai kaifi da sauti mai cika, amma yana matse tazarar da ke tsakanin kaɗawa a hankali da kaɗawa da ƙarfi, na nesa kuwa yana barin kowace tsirkiya ta fito da muryarta, amon ya daɗe, hannunka ya zama shi ke mulkin ƙara. Ga mai kiɗa irin na Agadas, inda ake barin tsirkiya mai kauri tana amo a ƙasa yatsu na yawo a sama, ko mai rakiyar mawaƙa a coci da wurin biki, ni a ganina nesa kaɗan ta fi alheri nesa ba kusa ba. Mai son distoshan mai nauyi yana iya matsowa, amma shi ma iyakarsa ita ce inda karkarwa ta fara.

Idan na jaki ya zauna, ka daidaita na wuya da shi, ta hanyar juya makunni tsakaninsu kana kaɗa abu ɗaya, har ƙararsu ta yi kusan daidai. Kusan kullum saukar da na wuya ake yi, ba ɗaga na jaki ba. Na tsakiya shi ne ƙarshe, kuma ka saurare shi a matsayi na biyu da na huɗu na makunni, inda yake haɗuwa da maƙwabcinsa, domin sautin nan mai ɗan hanci da ake son Stratocaster saboda shi yana fitowa sosai ne idan fikof biyun ƙarfinsu ya yi kusa. Masu kaɗawa da yawa suna ƙara saukar da na tsakiya saboda robar kaɗawa tana bugunsa, kuma ba laifi ba ne. Daga nan ka bi tsirkiyoyi shida ɗaya bayan ɗaya a kowane fikof; idan masu kauri sun rinjayi sirara, ka saukar da ɓangarensu rubu'in zagaye. Ka rufe da gwajin da ka fara da shi, a firet na 12 zuwa na 17.

Wataƙila ka tarar tsirkiya ta uku ta fi 'yan'uwanta ƙara, musamman idan maganaɗisun fikof ɗinka ba tsayinsu ɗaya ba. An tsara wannan bambancin tsayi ne a zamanin da tsirkiya ta uku naɗaɗɗiya ce, mai raunin murya, yau kuwa yawanci sumul take, ta fi ƙara. Ina roƙonka kada ka ɗauki guduma ko filaya ka ce za ka tura maganaɗisun ƙasa. A fikof irin na da, wayar a jikin maganaɗisun aka naɗe ta kai tsaye, motsi kaɗan zai tsinka ta a can ciki, fikof ya mutu, kuma naɗin waya mai wannan sirantaka ba aikin mai gyaran fanka ba ne. Hambaka ne ke da sukuru shida a samansa da aka yi domin wannan gyara, su ma rabin zagaye ya ishe su.

Sauran maganar ƙarancin murya, wadda ita ce ta jawo duk wannan. Fikof mai koyil ɗaya dama bai kai hambaka ƙara ba, haka aka yi shi, kuma wurin neman ƙara shi ne amfilifaya ko mikisa, ba sukurun fikof ba. Na san abin da ke sa mutane a nan garin suke ɗagawa: da zarar an ƙara muryar amfilifaya sai ƙugin wuta ya taso, musamman a kan janareta ko a ɗakin da wayarsa ba ta da layin ƙasa. Gaskiya ne ɗaga fikof yana sa kiɗa ya ɗan rinjayi ƙugin, amma ba ya rage ƙugin kansa ko kaɗan, domin koyil ne ke kwaso shi daga wutar gari mai bugu 50 a daƙiƙa, ko yana sama ko yana ƙasa. Abin da ke rage shi shi ne kebur mai kyau, da layin ƙasa na gaskiya, da nisantar tiransifoma da cajar waya, da juya jikinka har ka sami fuskar da ƙugin ya fi sauƙi, da kuma amfani da matsayi na biyu ko na huɗu idan an naɗe fikof na tsakiya a juye, kamar yadda ake yi a yawancin jitocin zamani.

Yanayin Zariya ma yana da hannu a cikin saitin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana busar da katako, da damina kuwa katakon ya sha laima ya kumbura, kuma kowane sauyi yana ɗan motsa wuyan jita, tsirkiya ta hau ko ta sauka, ratar da ka auna ta canza ba tare da ka taɓa komai ba. Saboda haka ka sake awo sau biyu a shekara, bayan hunturu ya kankama da kuma bayan ruwa ya zauna, haka nan duk lokacin da ka canza kaurin tsirkiya. Zafin bazara kuma yana busar da 'yar robar da wasu kamfanoni ke sawa a madadin sifirin, ta taurare ko ta farfashe. Idan ka kwance sukuru ka ga fikof yana girgiɗi ko ya ƙi bin sukurun, ita ce ta mutu, kuma sifirin ɗin cikin biro mai dannawa yana iya riƙe maka kafin ka sami na ainihi. Ƙurar ƙarfen da ke taruwa kan maganaɗisu kamar gemu, ka ɗauke ta da salatif, ka manna ka ɗaga, kada ka goge ta da tsumma ta shige cikin koyil, kuma kada ka kusanto da soson ƙarfe wurin ko da firet kake gogewa, sai ka rufe fikof ɗin da salatif tukuna.

Idan ka gama, ka rubuta awo shida ɗin, biyu ga kowane fikof, tare da kaurin tsirkiyar da ka sa da watan da ka yi aikin, ka ajiye takardar a jakar jitar. Ka kuma ɗauki sukudirebar zuwa wurin atisaye na gaba, domin saitin da ya yi daɗi a ɗaki kai kaɗai yakan buƙaci rubu'in zagaye sama ko ƙasa idan ganga da fiyano suka shigo.